Gitar da ta je Sakkwato ta dawo da sanyi

Gardamar a fadarmu ta Tanut ta fara, lokacin hutun da ya wuce, kuma har yau ba ta mutu ba. Shi ya sa na kawo ta cikin wannan ɗan littafi namu, ko na samu masu taya ni. Wani ɗan ƙanen babana da ke zaune Belbeji ya haɗa ƙungiyar kiɗa shi da abokansa biyu. Gita ɗaya gare su, ita ma ta aro, sai waya mai buga ganga da kanta, sai wani dogon yaro mai murya kamar ta wanda ya kwana cikin rijiya. Suka shiga ɗakin ajiyar buhunan gero suka ɗauki waƙarsu ta farko, suka turo mini ta WhatsApp. Na kunna ta a fada ana kan shayi na biyu. Ba ta cika minti ɗaya ba wani ya ce, "Kai, wa ya rasu?" Aka kwashe da dariya. Wani ya ce wannan zaman makoki ne, ba a rawa da ita, ba a kai amarya da ita, ba a zuga ɗan kokawa da ita, to amfanin me? Na ce musu, kun manta Tahoultine ke nan. Suka ce wace ce kuma Tahoultine? Da na lalubo ta na sa, kusan kowa ya gane ta, don duk mun ji ta a wayoyin yayyenmu muna ƙanana, amma babu wanda ya taɓa zama ya saurare ta da kunne biyu. Har wani ya ce, "Au, ai wannan ce wadda Mdou ya yi kafin ya iya."

Wannan magana ta "kafin ya iya" ita ce ta tsaya mini a wuya. A wurina abin da Mdou Moctar ya ɗauka a Sakkwato a 2008 shi ne abu mafi sanyi da duhu da ya taɓa fitarwa, kuma akwai wani wuri da wannan ƙaramar waƙa take taɓawa wanda duk rugugin gitar da yake yi yanzu a manyan dandalolin Amurka da Turai bai kai gare shi ba. Na san wasunku za su ce na cika baki. A yi mini haƙuri a ji dalili tukuna.

Ga wanda bai sani ba, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne daga wajen Cintabaradan da Abalak a jihar Tawa. Gidansu masu riƙon addini ne da ba su son zancen gita ko kaɗan, don haka ta farkonsa da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne. Ya ga Abdallah Oumbadougou yana kiɗa, ya ƙudura shi ma sai ya yi. Ya je neman kuɗi Libiya, kamar yayyenmu da muke gani suna hawa motocin Agadas da jarka da bargo. Ya dawo ya shiga kiɗan bukukuwa. Sai a 2008 ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato, ya shiga sitidiyo irin wadda ake buga waƙoƙin finafinan Hausa, ya fito da tarin waƙoƙin da ake kira Anar. Tahoultine a cikinsu take.

To, ku tuna abin da ke cikin sitidiyon Najeriya a waɗancan shekaru. Babu ganga ta fata, babu kalangu, babu tinde. Fiyano ne, shi ke buga ganga, shi ke busa sarewa, shi ke tafi. Sai kwamfuta mai Auto-Tune, manhajar nan da aka ƙirƙira a Amurka a 1997 don ta miƙe muryar mawaƙi idan ta karkace, wadda daga baya aka gano idan an matse ta har ƙarshe sai ta mai da muryar mutum ta inji. Mawaƙan nanaye sun rungume ta hannu biyu. A hannunsu kayan murna ce: saurayi ya rera, budurwa ta amsa, a canza kaya sau biyar, a yi rawa gaban furanni. Wannan shi ne injin da Mdou ya tarar. Shi kuwa abin da ya zo da shi cikin jakarsa wani abu ne dabam, kiɗan gitar Abzinawa da suke kira asuf.

Wani abokina Ba'abzine da muke ɗaki ɗaya a Damagaram ya taɓa ƙoƙarin fassara mini kalmar nan asuf. Ya ce kewa, ya ce a'a, kaɗaici, ya ce a'a, sai ya nuna mini bayan katanga inda hasken fitila ya ƙare, ya ce wancan. Duhun da ke farawa inda hasken wutar zango ya tsaya. Kiɗan da Tinariwen suka ɗaga daga sansanonin Aljeriya da Libiya ke nan, wanda Oumbadougou ya yi wa hidima a nan Nijar a zamanin tawayen shekarun 1990, lokacin da kaset ɗinsa yake yawo a ɓoye daga hannu zuwa hannu. Amma asuf na asali yana da ɗumi. Akwai mutane kewaye da wuta, akwai tafi, akwai guɗar mata, akwai masu amshi. Mai waƙar yana kewa, amma cikin jama'a yake kewarsa.

A Tahoultine ta Sakkwato an kwashe jama'ar. Ku sa ta ku ji. Gangar ba ta numfashi, ba ta sauri ba ta jinkiri, daga farko har ƙarshe bugu ɗaya take yi kamar injin niƙa da mai shi ya kunna ya tafi masallaci. Gitar, wadda yau ita ce sarauniya a duk abin da Mdou yake yi, a nan an tura ta baya, tana zagaye wuri ɗaya, ta tafi ta dawo. Sannan muryar. Waƙar Abzinawa tana da lanƙwasa, murya tana zamewa daga wannan sauti zuwa wancan a hankali, kamar raƙumi yana sauka daga tudun yashi. Auto-Tune kuwa ba ta san zamewa ba, matakala ta sani. Duk inda muryar ta so ta sulale sai injin ya fizge ta ya dora kan mataki na gaba, ta sake sulalewa ya sake fizgewa. Abin da kunne ke ji shi ne kakkarwa, irin ta haƙoran yaro a asubar hunturu. Mutum ne yake son ya yi kuka da muryarsa, ƙarfe yana gyara masa kukan.

Ni Tamashek ɗina bai wuce gaisuwa da cinikin cuku a kasuwa ba. Abokin nawa ya ce mini yawancin abin da ke cikin Anar zancen so ne da begen wanda ke nesa. Na yarda da shi, kuma wannan ma ya ƙara mini ƙarfi: duhun waƙar ba a cikin kalmomi yake zaune ba. Da a kalmomi yake, ni da ban jin harshen ba zan ji komai ba. A cikin sautin yake.

Bari in faɗi abin da ya sa shekarar 2008 ba lamba ce kawai ba a wurin ɗan Tanut. A watan Janairun wannan shekara ƴan tawayen MNJ suka shigo garinmu, aka yi harbe-harbe, suka tafi da perefe da wasu mutane. Ina ɗan shekara shida. Abin da na riƙe shi ne sanyi, da hannun innata a kan bakina, da yadda washegari manya suke magana ƙasa-ƙasa. Jihar Agadas na cikin dokar ta-ɓaci, hanyar da ta ratsa garinmu zuwa arewa ta zama abin tsoro, ana zancen nakiyoyi a bakin kowa. Gitar Abzinawa kanta ta koma abin zargi. A shekarun nan ne Bombino ya bar ƙasa ya koma Burkina Faso. Ban ce Tahoultine waƙar tawaye ba ce, kar wani ya je ya ɗora mini. Abin da na ce shi ne, a shekarar da aka watse daga gindin wuta, aka daina taruwa a yi tafi da dare, sai ga wani saurayi shi kaɗai a ƙasar wasu, cikin ɗaki rufe, inji yana yi masa tafin da mutane suka saba yi. Ko ya nufa ko bai nufa ba, sautin wannan shekara ne ya kama. Kuma da wannan sautin yayyenmu suka yi ta kwana, waya a kan ƙirji.

Abin da ya buɗe mini kunne a kan wannan duka daga wata ƙasa mai nisa ya zo. Wata ƴar ajinmu mai karatun Ingilishi a jami'ar André Salifou ta ji ni ina ta wannan surutu, ta ce akwai wani kiɗa da ya kamata in ji, Turawa suna ce masa pos-pank. Ta tura mini waƙoƙi kamar goma. A taƙaice, wajen 1976 da 1977 samarin Ingila marasa aikin yi sun ɓarke da wani kiɗa mai ihu da zagi da gudu, shi ne pank. Bai daɗe ba ya cinye kansa, don ihu ba ya wuce ihu. Waɗanda suka biyo baya suka riƙe talaucin kayan kiɗan da rashin ƙwarewar, amma suka rage gudu, suka bar fili tsakanin sauti da sauti, suka bar tsoro ya shigo. Ana cikin yajin aiki da rufe masana'antu a lokacin, shekarar da Margaret Thatcher ta hau mulki, 1979.

Biyu daga ciki suka kama ni. Ta farko ta wata ƙungiya ce mai suna Bauhaus daga garin Northampton, garin masu ɗinkin takalma. Waƙarsu ta farko, Bela Lugosi's Dead, ta fito a Agustan 1979. Makonni kaɗan da haɗuwarsu suka shiga sitidiyo, karonsu na farko, suka buga ta tashi ɗaya. Ta haura minti tara. Za ka yi kusan minti uku ba ka ji muryar mutum ba, sai ƙwas-ƙwas na sanda a gefen ganga, da gita mai kauri tana saukowa mataki uku tana komawa, da wata gitar tana ƙara kamar ana jan ƙofar kwano. Dabarar barin fili da amsa-kuwwa kuwa daga wajen makaɗan Jamaika suka aro ta. Da na sa ta a fada, na tabbata tambayar nan za a sake yi: wa ya rasu? Su kam a sunan waƙar ma sun ba da amsa.

Ta biyun ita ce ta fi kusa da zancenmu. Joy Division, samarin Mancesta, sun fitar da Unknown Pleasures a Yunin 1979. A dandali kiɗansu mai zafi ne, mai ƙara. Amma mai haɗa sauti da aka ba su, Martin Hannett, ya raba kowace ganga da ƴar uwarta, ya sa musu amsa-kuwwar inji, ya cusa ƙarar fashewar gilashi da ta na'urar hawa bene, ya mai da abin kamar ana kiɗa cikin masana'antar da aka kwashe ma'aikatanta. Biyu daga cikin makaɗan, Peter Hook da Bernard Sumner, ba su ji daɗin abin da suka ji ba da farko, sun ga an kashe musu wuta. Yau wannan sanyin da ba su nema ba shi ne abin da duniya ta san su da shi. Da na ji wannan labari sai na tuna da mutumin da ya zauna gaban kwamfuta a Sakkwato. Shi aikinsa na kullum ya yi, ya matse muryar baƙonsa kamar yadda yake matse ta kowa. Rabin duhun Tahoultine daga yatsunsa ya fito, kuma ko sunansa ba ma ambata idan muna zancen waƙar.

Kar a fahimce ni a karkace. Ban ce Mdou ɗan pos-pank ba ne, kuma ba na cikin masu jin abu namu bai cika ba sai an samo masa ɗan uwa a Turai. Hanyoyinsu ba su haɗu ba. Abin da ya haɗu shi ne hali: saurayi mara kuɗi, gari cikin fargaba, shiga sitidiyo karon farko, da inji wanda ya fi ƙarfin mai waƙar. Duk wanda ya taɓa dawowa daga Damagaram da dare ya wuce matatar man SORAZ a wajen Bakin Birji, ya ga harshen wutar nan yana ci shi kaɗai a sama, ƙauyukan gefe kuwa baƙi ƙirin, ya san ba sai an je Mancesta ba kafin a ga masana'anta ta yi wa mutum kwarjini.

Yadda waƙar ta iso mu shi ma yana cikin sautinta. Anar ba ta fito a kanti ba. Babu kwali, babu hoto, babu kamfani. Daga waya zuwa waya ta yi tafiya ta Bluetooth da katin memori, a tasha, a wajen masu cajin waya, a bayan manyan motoci. An matse ta don ta shiga ƙaramin kati, sannan ta fito ta ƴar lasifikar wayar Caina wadda ba ta san sauti mai kauri ba. Abin da ya rage sai tsinin: ƙyas-ƙyas na gangar inji da kakkarwar murya. A haka ta ƙetare Hamada har Kidal a Mali, inda wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, yake kwasar waƙoƙi daga wayoyin mutane. Ya sa Tahoultine cikin faifan Music from Saharan Cellphones da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, ya yi ta cigiya har ya samo mai ita. Daga nan labarin kun san shi. Afelan a 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaradan ba tare da Auto-Tune ba. Fim a Agadas a 2015, wanda aka gina kan Purple Rain na Prince. Ilana a 2019. Afrique Victime a 2021 a kamfanin Matador. Funeral for Justice a 2024.

Ina son waɗannan faifai, wallahi ina son su. Funeral for Justice idan ta tashi sai ka ji kamar guguwar farkon damina ta ɗauke rufin kwano. Souleymane Ibrahim yana dukan ganga kamar yana bin ta bashi, Ahmoudou Madassane yana riƙe da zaren, Mikey Coltun yana tokare ƙasa, shi kuma Mdou yatsunsa ba a ganinsu. Yana faɗa wa Faransa magana a fuska, yana kukan harshensa da ke neman ɓacewa a bakin yara. Amma wannan fushi ne, kuma fushi abu ne mai zafi. Mai fushi ya san abokin gabarsa, yana da jama'a a bayansa, yana sa ran gobe. Mai Tahoultine bai da ko ɗaya cikin ukun nan. Shi ya sa idan na ji Funeral for Justice nake son in miƙe tsaye, idan na ji Tahoultine nake jan bargo.

Akwai kuma abin da ke ɗan ci mini rai game da yadda ake sayar da shi a waje. Jaridun Turawa sun laƙaba masa Hendrix na Sahara, laƙabin da suka riga suka gwada wa Bombino. Abin da suke so su gani shi ne rawani da gita da yashi. Muryar inji ta Sakkwato ba ta shiga wannan hoto, don tana tona cewa Ba'abzine ma yana kallon fim ɗin Kano, yana sha'awar abin yayi, yana zaune a duniya ɗaya da mu. Sai a ambace ta a layi ɗaya a matsayin abin al'ajabi na farkon tafiya, a wuce. Amma in zan yi adalci, tsiyar tamu ta fi. Baturen nan shi ya buga Anar a faifai a 2014 har ta samu inda za ta zauna. Mu kuwa goge ta muka yi daga memori don mu samu wurin hotunan salla.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne sanyin ya sake dawo masa, kuma ta hanya ɗaya. Lokacin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙungiyar tana yawon wasa a Amurka, aka rufe iyakoki, suka kasa dawowa gida. Suna can suka shiga wata sitidiyo a Burukilin ta birnin Niyok suka sake buga waƙoƙin Funeral for Justice a hankali, da gita marar wuta. Shi ne Tears of Injustice da ya fito a 2025. Waƙoƙi ɗaya, kalmomi ɗaya, amma an zare musu ihun. Karo na biyu ke nan yana maƙale a ƙasar wasu, gida yana cikin rashin tabbas, kuma karo na biyu abin da ya fito ya yi sanyi. Sai dai wannan sanyin gwani ne, wanda ya san abin da yake yi. Na Sakkwato ya fi shi ban tsoro don babu wanda ke riƙe da linzami.

Yanzu laifuffukan Anar, don kar a ce soyayya ta rufe mini ido. Ba duka waƙoƙin ne suka kai Tahoultine ba. In ka saurari tarin daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, wajen tsakiya za ka fara rasa inda wata ta ƙare wata ta fara, don gangar injin kusan riga ɗaya take sa wa kowa. Akwai wuraren da fiyanon yake cusa ado irin na nanaye inda ba a neme shi ba, kamar a ɗaura wa mai takaba sarƙar biki. Kuma matsewar muryar ba ta da hutu. Da an sake ta ko sau ɗaya an bar muryar mutum ta fito tsirara, da kakkarwar ta fi ciwo idan ta dawo. Wanda ya ce gitar Mdou ta fi gwaninta yau nesa ba kusa ba, gaskiya ya faɗa. Inda muka rabu da shi shi ne ɗaukar gwaninta a matsayin ma'auni guda.

Sauran zancen "ba a rawa da ita, to amfanin me". Wannan ya fi ba ni haushi, don masu faɗinsa suna yi kamar kiɗan baƙin ciki baƙo ne a ƙasar nan. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi shekaru yana waƙar talaka da ɗan ɗako, wa ya taɓa tambayarsa ina rawar? Malam Maman Barka, ɗan Taskar a jiharmu ta Damagaram, wanda ya rasu a 2018, ya bar gurumin da ya yi suna da shi ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram wajen tsohon da ya rage yana kaɗa ta, kayan kiɗan da sautinsa ke fita kamar daga ƙarƙashin ruwa. Matan Abzinawa suna goga imzad, tsirkiya ɗaya ita ma, maza su yi tsit. Damargu da aka taɓa kira rumbun gero, wadda ayarin Abzin ke sauka su loda hatsi, ta ga yunwar 1984, ta ga ta 2005, tana ganin samarinta suna bin hanyar arewa wasu ba su dawowa. A ce ƙasa irin wannan ba ta da abin rerawa sai yabon ango da na mai kuɗi? Abin da ya faru shi ne biki kaɗai ke biyan makaɗi a garuruwanmu. Babu wurin wasa, babu mai sayen waƙa, gidan rediyo kuma gaisuwa ake saye a cikinsa. Yaron da ya sayi tsirkiya da kuɗinsa dole ya buga abin da uwar amarya za ta yi masa liƙi. A hankali kunnenmu ya saba, har muka ɗauka abin da ake biya shi ne kaɗai waƙa.

To, waƙar yaran Belbeji fa? Na yi musu alkawarin ba zan ɓoye ra'ayina ba, ga shi kuwa a rubuce. Minti huɗu da ƴan daƙiƙu ce. Zancen wani wa ne da ya tafi arewa, lambarsa ta daina shiga, ƙanen yana ta kira kowace Juma'a. Abu mafi kyau a cikinta ba su suka shirya shi ba: buhunan geron sun shanye duk wata amsa-kuwwa, sai muryar ta fito a bushe, kusa-kusa, kamar mai waƙar yana magana a bayan wuyanka. Gangar wayar ma ta dace, don maimaicinta ya yi kama da ƙarar kiran da ba a ɗauka. Wajen minti na biyu akwai inda mai gitar ya yi kuskure ya tsaya, gangar ta ci gaba ita kaɗai na ɗan lokaci kafin ya kamo ta. Ɗan uwan nawa ya ce za su goge wurin. Na ce idan kuka goge shi kar ku sake turo mini komai.

Inda suka faɗi shi ne baiti na uku. Sun ji tsoron shirun da suka gina da kansu, sai suka juya suna wa'azi, suna kira ga matasa su zauna gida su yi noma, kamar sanarwar wata ƙungiyar agaji a rediyo. Nan take waƙar ta mutu a kunnena. Ƙanen da ke riƙe da waya ba ya ba kowa shawara, jira kawai yake. Sannan a ƙarshe mai gitar ya saki gudu yana kwaikwayon yatsun Mdou na yanzu, abin da bai iya ba kuma waƙar ba ta nema ba. Mdou ɗin da ya kamata ya saurara shi ne na 2008, wanda gitarsa ta yarda ta zauna a baya.

Na tura musu Tahoultine da ta Bauhaus, na ce su cire baiti na uku su bar gangar ta yi ta bugawa a wurinsa. Mai muryar rijiya ya yarda, mai gitar yana ta gunaguni. Sun ce za su sake ɗauka kafin a kwashe buhunan, don mai ɗakin ya fara zancen kai geron kasuwa. Matsalar da ta rage ita ce gitar: mai ita ya aiko a mayar masa, akwai biki a Gangara ranar Asabar.